Karsanar da Aka Saya da Kaset

Shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, gari ya cika ya batse da baƙi. Ma'aikata sun kwaso komatsansu daga Yola, 'yan kasuwa sun biyo bayansu, kuma kowace mota ta shigo tasha sai ta sauke wani abin da ido bai saba gani ba. Cikin abin da aka sauke har da kaset-kaset na wasu samarin Amurka, waɗanda ba rera waƙa suke yi ba, magana kawai suke zazzagawa a kan kiɗa kamar ana juye gyaɗa a faranti. Yanzu ana ce mata gambarar zamani, yara kuma su ce rap. A wancan lokacin kuwa manya ba su da sunan da suke kiranta da shi sai "surutun nan".

To, surutun nan shi ya kama Jibrilla, ɗan Malam Hammanjoda na unguwar Abbare, kamun kazar kuku. Ya gama sakandare, aiki bai samu ba, sai ya mai da shagon Manga mai kaset, wanda ke bakin tasha, gidansa na biyu. Can yake wuni da wani wando mai faɗi kamar buhun masara da hula baki baya. Abokinsa Jonah, ɗan Mama Dinatu mai doya, shi ke kaɗa ƙaramin piyano a cocinsu ranar Lahadi, sauran ranaku kuma ya saɓo shi a kafaɗa ya kawo shago, ya danna masa kiɗa mai duka kamar luguden daka.

Da Turanci Jibrilla ya fara. Manga ya saurara, ya saurara, ya kashe rediyo.

"Jibo, Turancin nan naka ko Bature ya ji sai ya nemi tafinta. Me Hausa ta yi maka?"

"Ai ba a yin rap da Hausa."

"Wa ya hana? An kafa doka ne ban ji ba?"

Jonah ya ce, "Gwada mana. In bai yi ba, mu uku ne kawai za mu ji kunya."

Ya gwada. Abin da ya fito daga bakinsa ranar shi kansa sai da ya ba shi tsoro:

"Daga Abbare na taso, ƙafa ce motata,
Rana ta gasa ƙeya, ba ta taɓa niyyata,
Aka ce mun samu jiha, na duba aljihuna,
Jiha ta zo da baƙi, ba ta zo da aikina."

Masu dako biyu da ke wucewa suka aje kaya suka tsaya. Ɗaya ya ce, "Kai, maimaita wajen aljihun nan!" Tun daga ranar Jibrilla bai ƙara waiwayar Turanci ba.

Ɗaukar waƙar ce ta zama aiki. Shagon Manga hayaniyar tasha ta yi masa yawa, wuta kuma ba ta zama. Sai Alhaji Abbo mai motoci, mutum mai faɗin hannu da son a san yana da faɗin hannun, ya ba su aron wani ɗakin ajiyar taya a bayan garejinsa, ya ce a ja musu waya daga janareto. Suka toshe taga da tsofaffin katifu, zufa na tsiyaya, Mama Dinatu na aiko musu da soyayyar doya da yaji, har suka cika kaset gaba da baya.

A ƙarshen waƙar ƙarshe Jibrilla ya yi abin da ya ji mutanen Amurka na yi, wato jero sunayen waɗanda suka tsaya maka. Ya ɗaga murya ya ce, "Gaisuwa ga Manga mai kaset! Gaisuwa ga Jonah da Mama Dinatu, uwar mayunwata! Gaisuwa ga Alhaji Abbo mai motoci, wanda ya ba mu ɗaki da wuta! Gidan da na fito kuwa, baki ba ya faɗa, sun san kansu."

Shi a ransa godiya ya yi. Ya manta a ƙasar da yake tsaye. A nan, in mai waƙa ya ambaci sunanka a kan kiɗa, ya ɗora maka kaya ke nan. Ko ka yi masa kyauta, ko gari ya ce kai marowaci ne. Wanda kuma yake kiran sunan masu arziki a waƙa, sunansa ɗaya: maroƙi. Fulani su ce bambaɗo.

Malam Hammanjoda kuwa Bafulatani ne, dillalin shanu. Ya daɗe da barin daji, amma kunyar Fulani ba ta bar shi ba. Jibrilla ɗan farinsa ne, don haka tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama inda yake zaune, ba ya yi masa magana baki da baki. In abu ya taso, yayarsa Goggo Hamna ce gada a tsakaninsu. Ita kuwa Goggo tsohuwa ce mai bakin reza, ta raini Jibrilla tun rasuwar mahaifiyarsa, tana zaginsa da safe tana ɓoye masa ƙosai da yamma.

Manga ya fara sakin kaset ɗin a lasifikar shagonsa. Kafin a ce kwabo duk tasha ta haddace. Wata safiya Malam Hammanjoda na zaune a ƙofar gida da abokan dillancinsa, sai ga direban Alhaji Abbo ya jawo wani ƙaton rago fari, da babbar riga a naɗe a hammata. Ya yi sallama, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, don haka aka umarce shi.

"Alhaji ya ji waƙa, ya ji daɗi! Ya ce a ba mawaƙi, Allah ya ƙara basira!"

Ya ɗaure ragon a gindin dalbejiya ya tafi. Can wani dillali mai shegen baki ya gyara zama ya ce, "Malam, ashe an samu bambaɗo a gida ba mu da labari. Gobe sai a zo a yi min tawa, ina da ɗan akuya."

Malam ya naɗe buzunsa ya shiga gida.

Jibrilla na dawowa Goggo Hamna ta tare shi a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Zo nan, mai wandon aro. Ka san abin da ka jawo?"

"Goggo, gaisuwa fa kawai na yi."

"Gaisuwa! In gaisuwa ce ba ka san hanyar gidansa ba? Sai a kan ganga? Kakanka ya kora shanu daga nan har bakin Binuwai, ya kwana da yunwa bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani ba ni ba. Kai ka buɗe naka a lasifika." Ta rage murya. "Saurara, ga saƙon ubanka. Ya ce rago da riga su koma inda suka fito. Ya ce kuma in kyautar roƙo ta sake shiga hannun wani a ƙofar nan, to mai ita ya nemi wani uban. Ka san shi, ba ya magana biyu."

Jibrilla ya juya ya dubi ragon. Waƙar nan ita ce abu na farko da ya taɓa yi mutane suka aje kaya suka saurara. Amma gidan nan ma shi ne gida. Bai taɓa jin sunansa a bakin tsohon ba, gaskiya ne, sai dai ya san wanda ke biyan kuɗin makarantarsa ba a tambaya ba, ya kuma san wanda ke tsayawa a bakin ƙofa in zazzaɓi ya kwantar da shi, yana tambayar Goggo, "Yaya mai jikin?"

Haka ya ja ragon nan ya ratsa gari da rana tsaka, wando na sharar ƙasa, rago na tirjiya. 'Yan tasha suka samu abin yi.

"Jibo! Yi masa rap mana, ko ya bi ka!"

"A'a, ku bar shi, sabon mai amshi ya samu!"

Ya tarar da Alhaji Abbo a gareji, ya durƙusa, ya yi godiya, ya ce a gida an ce ba za a iya karɓa ba. Alhaji ya dube shi, ya dubi ragon, fuskarsa ta canza. Bai tambayi dalili ba, Jibrilla kuma kunya ta hana shi faɗa, don yaya za ka dubi dattijo ka ce masa kyautarka ce ta zubar mana da mutunci?

"To," in ji Alhaji. "Na gane. Je ka."

Jibrilla ya koma da sauƙin zuciya, yana cewa an rabu da Bukar. Bai san abin da Alhaji ya gane ba. A al'adar roƙo, in maroƙi ya maido maka da kyauta, ma'anarta ɗaya ce: ta yi kaɗan. Alhaji Abbo kuwa ya gwammace motarsa ta faɗa rami da a ce a tasha mawaƙi ya raina kyautarsa.

Ranar da abin ya faru Malam Hammanjoda ya yi sammakon zuwa Sunkani duba wasu shanu. Hantsi ya ɗaga, sai ga direban nan kuma, wannan karon da karsana ja, mai sheƙi, ƙahonta kamar an zana. Yara na biye da shi ana ihu. Ya tsaya a ƙofar gida ya miƙa wa Jibrilla igiya.

"Alhaji ya ce a yi haƙuri da na farko."

Jibrilla ya dubi igiyar. Hannunsa ya fara ɗagawa da kansa, irin na wanda aka miƙa wa abu. Sai muryar Goggo ta fasa zaure.

"Kada ka taɓa igiyar nan! Kul! Mai da hannunka aljihu!"

Ta fito ko mayafi ba ta gyara ba. A wajen masu shanu, ka sani, dabba ba ta zama taka sai igiyarta ta shiga hannunka. Muddin igiya na hannun wanda ya kawo, ba a karɓa ba.

Direba ya ce, "To Goggo, bari in ɗaure a bishiya."

"Bishiyar tamu ce. Ka ɗaure, mun karɓa. Riƙe kayanka."

"Alhaji ya ce in na koma da ita in aje masa makullin mota."

"To ka tsaya. Ƙafa ai taka ce."

Haka bawan Allah ya tsaya riƙe da karsana a rana, ba gaba ba baya. Unguwa ta taru. Mama Dinatu ta ji labari ta taho da kwanon doya, ta ba direba yana ci da hannu ɗaya. Ta dubi Jibrilla da ke zaune a dakali ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗana, ni ma ka kira sunana, na yi rawa a kasuwa har zani ya kwance. Mene ne abin kuka a ciki? Mu a wajenmu in yaro ya yi waƙa, murna ne."

"Mama, a wajenmu ba haka ba ne."

Jonah ya zauna kusa da shi. "To mu goge sunan Alhaji a kaset."

"Duk tasha ta riga ta ji. In na goge, zagi ne. In na sake mayarwa, bijimi zai aiko. In na karɓa, ba ni da uba."

Ya zauna yana kallon igiyar nan a hannun direba. Tun yana ƙarami yake bin tsohon zuwa kara, kasuwar shanu, yana tsaye daga nesa yana kallo. Sau nawa ya ga igiya ta bar hannu ta shiga wani hannu, ba wanda ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ce Allah ya ƙara girma? Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja, a ja, a sallama, kowa ya tafi da mutuncinsa. Saniyar dai ita ce. Abin da ya bambanta shi ne ta wace hanya igiyar ta zo.

Ya miƙe. "Goggo, in Baba ya dawo ki gaya masa ina da haja, ina neman dillali."

"Wace haja gare ka, kai da ko kaza ba ka da ita?"

"Kaset."

Goggo ta ƙura masa ido, ta daɗe. Sai ta ja tsaki, irin tsakin da take yi in abu ya burge ta ba ta son a gane. "Je ka ɗauko rediyon Manga. Ka kuma canza wandon nan, kada ya ɓata mana ciniki."

Bayan la'asar Malam Hammanjoda ya sauka daga mota. Ya ga taro, ya ga karsana, ya ga igiya a hannun wa take. Wannan ya fara dubawa. Goggo ta tare shi a zaure, Jibrilla na raɓe a bayan ƙofa yana saurare.

"Ba a karɓa ba," in ji Goggo. "Yaron nan ya ce ba ya son kyauta. Ya ce yana da haja, in mai karsana na so, a yi musaya. Dillali yake nema. Na ce masa dillalan garin nan duk sun tsufa, amma akwai wani a nan, ko zai iya."

Malam ya jingina sandarsa da bango.

Can tsohon ya ce, "Dillali ba ya sayar da abin da bai duba haƙoransa ba."

Aka aje rediyo a tsakiyar zaure, Goggo ta danna da ɗan yatsa kamar mai taɓa wuta. Malam ya zauna ya saurari kaset ɗin nan tun daga farko, fuska kamar dutse. Da gefe ɗaya ya ƙare ya yi nuni a juya. Wajen maganar aljihu Goggo ta rantse ta ga gemunsa ya motsa, amma ba ta da shaida. Aka zo jerin sunaye. Manga, Jonah, Mama Dinatu, Alhaji Abbo. Tsohon ya ɗan karkata kai, yana jiran abin da zai biyo baya. Aka ce, "Gidan da na fito kuwa, baki ba ya faɗa, sun san kansu." Kaset ya tsaya.

Malam ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "A gaya wa mai hajar ya biyo ni. Daga nesa."

Suka ɗunguma zuwa gareji: Malam a gaba, direba da karsana a tsakiya, Jibrilla da Jonah da Manga a baya, rabin Abbare a bayansu. Alhaji Abbo ya hango su ya miƙe, ransa a ɓace.

"Malam Hammanjoda, ita ma ta yi kaɗan?"

"Alhaji, a ƙofata ba a karɓar kyautar waƙa, ba ƙarama ba babba. Ba mu gada ba. Amma ana ciniki. Ga mai haja ya ba ni dillanci. Kana da karsana, yana da kaset. In kana so, ka taya."

Alhaji ya yi dariyar mamaki. "Kaset? In yi me da tulin kaset, in dafa?"

Malam bai waiwaya ba, ya dai ɗaga sanda kaɗan, alamar mai haja ya yi bayani. Jibrilla ya matso.

"Ranka ya daɗe, kowace motarka akwai rediyo. A ba kowane direba, ya saka wa fasinja, wanda ya so ya saya a hannunsa. Motarka na zuwa Lau, tana zuwa Wukari, Yola, Jos, har Kano. Duk inda ta tsaya, sunanka na ciki. Kuma ba wanda zai ce an roƙe ka. Saye ka yi."

Alhaji ya shafa haɓa. Har Kano. Ka ga wannan kalmar ta shige shi.

"Kwali nawa za ku ba ni?"

Daga nan fa aka ga dillanci. Malam ya zagaya karsanar nan da kowa ke yabo, ya buɗe bakinta, ya latsa ƙugunta, ya girgiza kai kamar an kawo masa mushe. Ya ce ƙafar baya na ɗan ja. Ya ce an cika ta da ruwa ne kafin a fito da ita. Alhaji ya ce wallahi sharri ne, ya faɗi adadin da yake so.

"Albarka," in ji Malam. "Hajar nan babu irinta a kasuwa. Ka je Yola ka nemo, in ka samu na ba ka kyauta."

"Malam, surutun yara ne fa!"

"Surutun da ka aiko wa rago, ka aiko wa karsana? Kai ka fara yi masa kuɗi, ba ni ba."

Gareji ya ɗauki shewa. Alhaji da kansa ya yi dariya har da riƙe ciki. Aka ja, aka ja, ya rage, Malam ya ƙara kaɗan, har aka haɗu a tsakiya. Malam ya miƙa hannu, suka tafa.

"Na sallama. Jama'a ku shaida, ciniki ne."

"Mun shaida!"

Sannan ya juya ya karɓi igiya daga hannun direba da hannunsa. Direban ya dubi tafinsa da ya yi ja, ya ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfin da ya sa aka sake fashewa da dariya.

A hanyar komawa Malam na gaba da karsana, Jibrilla na baya da 'yar tazara kamar kullum. Da suka rabu da mutane, tsohon ya rage sauri, ya dafa wuyan karsanar, ya yi mata magana, ita, ba kowa ba.

"Kin ji shi dai. Ya kira rabin gari, bai kira gidansu ba. Da sauran kunya."

Jibrilla ya sunkuyar da kai, ya yi kamar ƙura ce ta shiga idonsa.

Karsanar aka sayar aka sayo kaset marasa komai, Manga ya yi ta kwafa har injinsa ya yi zafi. Direbobin Alhaji suka watsa su ko'ina. Ba a jima ba wani mai ɗakin ɗaukar waƙa a Jos ya biyo mota har Jalingo yana tambayar wane ne yaron nan mai zuba Hausa a kan kiɗan Turawa. Jibrilla da Jonah suka tafi Jos, daga can Kaduna, cikin 'yan shekaru har Legas sun taka dandali, inda masu yi da Turanci da Yarbanci suka matsa suka ba su wuri. Samari da yawa da suka zo daga baya suna gambara da Hausa, a motar haya suka fara jin cewa abin yana yiwuwa.

Bai dai ƙara kiran sunan mutum mai rai a waƙa ba. In ya zo wajen gaisuwa sai ya ce, "Gaisuwa ga Abbare! Gaisuwa ga Sunkani da Lau!" Da wani ɗan jarida ya tambaye shi dalili, ya ce, "Gari ba ya aiko da rago." In kuma wani ya hau dandali zai liƙa masa kuɗi a goshi, sai ya ja da baya ya nuna masa teburin kaset a bakin ƙofa.

Ɗakinsa na Abbare kuwa ba a taɓa bai wa kowa shi ba. Goggo na share shi tana mita. A kara, in wani baƙon dillali ya ce, "Malam, wai mawaƙin nan da ake ji a rediyo ɗanka ne?" sai tsohon ya ci gaba da duba haƙoran saniyar da ke gabansa, ya ce, "Ni ban san mawaƙi ba. Akwai dai wani mai haja da nake yi wa dillanci."